Fatawa: Karen Gidanmu Ya Mutu da Ciwon Ƙoda, Ko Mun Yi Laifi?

TAMBAYA

Allah gafarta Malam, gidana yana bayan gari, ina da awaki da 'yar gona a gefe. Fiye da shekara goma muna da kare mai gadi, yara suna kiransa Gwarzo. A daminar bara ya fara shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, ga yawan fitsari, ga amai, ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Likitan dabbobi ya auna jininsa ya ce ƙodarsa ta lalace. Mun yi ta ƙarin ruwa, na kashe kuɗi ba kaɗan ba. Da ya kai ba ya iya tashi, ba ya ci, sai nishi, likita ya ce a yi masa allurar da za ta hutar da shi, na yarda. Yara sun yi kuka, ni ma na yi hawaye. Maƙwabcina ya ce na zubar da ladana da riƙon najasa, na yi almubazzaranci, na kashe rai, kuma abin kunya ne Musulmi ya yi wa kare kuka. Malam, mene ne hukuncina? Sannan autata tana tambaya ko za ta gan shi a Aljanna.

AMSA

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, Allah Ya ba ku haƙuri. Bisa abin da ka bayyana, babu laifi a kanka a riƙon karen, ko jinyarsa, ko allurar, ko hawayen. Na fara da wannan don hankalinka ya kwanta kafin mu bi hujjojin.

Hadisin da maƙwabcinka ya dogara da shi ingantacce ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ya ajiye kare ana rage masa kiraɗi ɗaya, a wata ruwayar biyu, daga ladan aikinsa kullum. Sai dai hadisin da kansa ya toge karen farauta da na kiwo da na gona, kuma naka yana tsare awaki da gona, ya shiga biyu cikin ukun. Ko da gida kaɗai yake gadi, malamai da yawa sun halatta bisa ƙiyasi idan akwai tsoron ɓarayi, kuma Imamu Nawawi ya ce shi ne mafi inganci a wajen Shafi'iyya. Masu sharhin Risala sun kawo labarin mawallafinta, Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira: katangar gidansa ta faɗi a lokacin fitina, sai ya ajiye kare. Da aka tuna masa cewa Malik ya karhanta, sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Duk wanda yake kwana a bayan gari a yau ya san abin da Shehin yake nufi. Abin da ake kiyayewa shi ne kada kare ya zama ɗan ɗaki, saboda hadisin da ya ce mala'iku ba sa shiga ɗakin da yake ciki. Wurinsa garke ne ko tsakar gida ko bakin ƙofa.

Maganar najasa kuwa, a mazhabar Malik kare mai rai tsarkakakke ne, da jikinsa da yawunsa da guminsa. Wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai bin umarni ne na ibada, kuma Malikiyya sun kafa hujja da aya ta 4 a Suratul Ma'ida, wadda ta halatta cin abin da karen farauta ya kamo da bakinsa. Shafi'iyya da Hanbaliyya suna ganin najasa ne, kuma maganarsu abar girmamawa ce. Amma fitsarinsa da kashinsa da aman da ya sauya, da gawarsa bayan ya mutu, najasa ne a wajenmu ma. Wanda ya taɓa ya wanke hannu da tufa, shi ke nan.

Kuɗin da ka kashe ina fata ka tarar da su a mizaninka. Malik a Muwaɗɗa, da Bukhari da Muslim, sun ruwaito daga Abu Huraira labarin matafiyin da ƙishirwa ta kama, ya shiga rijiya ya sha, ya fito ya ga kare yana lasar danshin ƙasa. Sai ya koma ya cika huffinsa da ruwa, ya kama shi da haƙora domin hannayensa suna aikin hawa, ya fito ya shayar da karen, Allah Ya gafarta masa. Sahabbai suka tambaya ko akwai lada a dabbobi, Annabi (SAW) ya tabbatar musu akwai lada a kyautata wa duk wani mai rai. Wancan karen hanya ne wanda mutumin bai taɓa gani ba. Naka kuwa ya yi shekaru yana kwana a waje cikin hunturu domin ku yi barci, kuma ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita. Iyakar abin ita ce kada a tauye abincin iyali ko a ci bashin da ba za a iya biya ba.

Na san mai irin wannan rashi yakan zauna yana tuhumar kansa, yana cewa da na lura da wuri. Likitocin dabbobi sun bayyana cewa ciwon ƙoda mai daɗewa ɓoyayye ne, yawan shan ruwa da fitsarin nan ba sa bayyana sai kusan kashi 2 cikin 3 na aikin ƙodar ya tafi, kuma abin da ya lalace ba ya dawowa. Ƙarin ruwa da sauya abinci suna sassautawa ne, su ja kwana. Tsufa yana kawo ciwon, haka cututtukan da kaska ke sawa, da wata ƙwayar cuta da ake ɗauka daga ruwan da fitsarin ɓera ya gurɓata, wadda ke iya kama mutum ma. Ina jan kunnen masu karatu da abu ɗaya: kada a ba kare maganin ciwon jiki na mutane irin su ibuprofen da diclofenac, domin suna lalata masa ƙoda, haka ma inabi da zabibi.

Allurar ita ce ta fi damunka, kuma ita ta fi buƙatar bayani. Asali haramun ne kashe dabba haka kawai, kuma ka san matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu da yunwa. Amma fuƙaha'unmu sun daɗe da tattauna dabbar da aka yanke ƙauna da rayuwarta. Shehu Halil a Muhtasar, cikin babin yanka, ya halatta yanka dabbar da ba a cin namanta idan an fid da rai da ita. Shehu Dardir, wanda ya rasu a shekara ta 1201 bayan Hijira, ya yi misali da jaki da alfadari, ya ƙara da cewa abin so ne ma, domin a hutar da ita. Shafi'iyya sun hana, suna ganin a bar ta har ajalinta ya zo. Ni ina tare da maganar Malikiyya, domin manufarta a fili take: dabba ba ta da zunubin da ciwo zai kankare mata, ba ta san haƙuri don neman lada ba, azabar kawai take sha. Idan halascin ya tabbata da wuƙa, to allurar da take sa barci kafin zuciya ta tsaya ta fi kusa da kyautatawar da Annabi (SAW) ya yi umarni da ita wajen kisa da yanka, a hadisin Shaddadu bin Ausi da Muslim ya ruwaito.

Sharaɗin shi ne masani amintacce ya tabbatar babu warkewa, dabbar tana cikin wahala ta gaske, kuma niyyar mai ita hutarwa ce. Wanda ya gaji da ciyar da tsohon karensa ya sa masa guba a tuwo, ko ya kai shi daji ya yar, ko ya bar yara su jefe shi, wannan zalunci ne, kuma Allah zai tambaye shi. Haka nan kada wani ya ɗauki wannan hukunci ya kai shi kan ɗan Adam. Gaggauta mutuwar marar lafiya kisan kai ne, ko da shi ya roƙa.

Hawaye kuma rahama ce da Allah Yake sawa a zuciya. Hausawa sun ce sabo ake yi wa kuka. Anas bin Malik yana da ƙane ƙarami, Abu Umair, mai ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. Tsuntsun ya mutu, Annabi (SAW) ya shigo ya ga yaron a damuwa, ya tambayi dalili aka gaya masa. Bai yi masa faɗa ba, bai ce tsuntsu ne kawai ba. Ya kira shi da alkunyarsa, ya tambaye shi labarin tsuntsun cikin raha da lallashi. Ibnu Hajar ya ambaci cewa wani malamin Shafi'iyya, Ibnul Ƙass, ya fitar da fa'idoji 60 daga wannan hadisi, kuma wadda ta shafe ka ita ce ba a raina baƙin cikin yaro. Ku ce Innalillahi, domin ana faɗarta a kowace musiba, babba ko ƙarama. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yaga tufafi da maganar da ke nuna fushi da ƙaddara.

Ƙauna ba ta sauya matsayin dabba a shari'a. Ba a yi wa kare wanka ko likkafani ko salla, ba a kai shi maƙabartar Musulmi, ba a zaman makoki, ba a gina kabarinsa, ba a nema masa gafara tunda ba a ɗora masa shari'a ba balle ya yi zunubi. Binne shi dai ya dace, a rami mai zurfi nesa da rijiya, musamman wanda aka yi wa allura, domin maganin yana zama a naman, yana iya kashe ungulu ko wani karen da ya tono ya ci.

Autarka kuma a gaya mata gaskiya cikin taushi. Aya ta 38 a Suratul An'am ta nuna dabbobi al'ummai ne kamarmu kuma za a tattara su zuwa ga Ubangijinsu. Muslim ya ruwaito cewa za a rama wa akuya marar ƙaho abin da mai ƙaho ta yi mata, kuma masu tafsiri sun kawo a ƙarshen Suratun Naba'i cewa bayan hisabi dabbobi za su koma ƙasa. Babu nassi ingantacce da ya ce wani kare zai shiga Aljanna, har da na As'habul Kahfi, saboda haka kada ka yi mata alkawari da sunan Allah. Ka ce mata Gwarzo ya daina jin ciwo, Allah ba Ya zaluntar halittarsa, kuma Suratu Fussilat aya ta 31 ta yi wa 'yan Aljanna alkawarin duk abin da ransu yake so. Ta dage da salla da biyayya, idan ta shiga ta roƙi abin da take so wurin Ubangiji Mai karamci.

Maƙwabcinka wataƙila kishin addini ne ya sa shi magana, kada ka ƙullace shi, ka ba shi wannan amsa ya karanta. Kai kuwa babu kaffara a kanka, babu sadakar da ta wajaba, kuma idan buƙatar gadi tana nan ya halatta ka samo wani karen, ka yi masa rigakafin ciwon haukan kare, ka kula da cinsa da shansa. Allah ne Mafi sani.