Ɗana, Kada Ka Yi Wasa da Dusar Ƙanƙara

Ɗana, kai da neman ilimi ko neman na kai ya kai ka ƙasashen sanyi, ka riƙe abin da ya faru a Buffalo, a jihar New York ta Amurka, a Disambar 2022. Garin yana bakin tafkin Erie, kowace shekara iska na kwaso danshin tafkin ta juye musu dusar ƙanƙara. Sun saba da ita tun kaka da kakanni. Duk da haka, da ta sauko ranar Juma'a 23 ga wata, ta taru fiye da mita ɗaya, mutum sama da 40 ne suka rasu a yankin.

Abin da ke ci mini rai shi ne an yi kwanaki ana gargaɗi. Hukuma ba ta hana tuƙi ba sai da safiyar Juma'ar, bayan masu aikin safe da masu cefanen Kirsimeti sun riga sun fita. Motoci suka maƙale, suka toshe hanya, har motar asibiti da ta 'yan kwana-kwana suka kasa wucewa. Wannan sakaci ne, ba shi da wani suna. To amma in hukumar garin da ya san dusa ta makara haka, kai baƙo da wa ka dogara?

Da ka ji sanarwa, yi zamanka a gida, ko da mai aikinka zai ɓata rai. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Tun kafin ranar ka ajiye ruwa, abincin gwangwani, magungunanka, tocila da barguna, ka cika waya da caji.

In ta rutsa da kai a mota, kada ka fita neman hanya da ƙafa. Kafin ka tayar da inji don ɗumi, share bakin salansa, domin in dusa ta toshe shi, hayaƙin ciki yake dawowa. Gubar da ke cikinsa ba ta da wari, ciwon kai, jiri da barci za ka ji. Haka in wuta ta ɗauke, kada ka shigo da janareto ko kaskon gawayi ɗaki kamar yadda wasunmu ke yi da hunturu. Gidajen can a like suke, iska ba ta shiga.

Kuma don Allah, in kana da tsoho maƙwabci mai zaman kaɗaici, ka buga masa waya ka ji lafiyarsa kafin dare ya yi.