Bindigar da Ba a San Asalinta Ba

A watan Agusta na 2021, Gwamna Aminu Bello Masari ya shawarci mutanen Katsina su nemi makamai su kare kansu. Wanda ya ga abin da aka yi wa Kadisau ta ƙasar Faskari a Yunin 2020, ko ya tuna ɗaliban Ƙanƙara fiye da 300 da aka kora daji a Disambar shekarar, da wuya ya ga baiken wannan shawara. Sai dai gwamnan bai ce daga hannun wa za a saya ba, kuma a nan gizo ke saƙar.

Manomin Faskari ba ya sayen sa a kasuwar Sheme sai dillali ya tsaya masa, domin ya san satar shanu ce ta share wa wannan masifa fage. Me ya sa zai karɓi bindiga cikin buhu da daddare, lambarta a kankare, bai tambayi inda ta fito ba? Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na 2019 ya ce bindigogi 178,459 sun yi ɓatan dabo daga rumbunan 'yan sanda. Wasu kuma daga kafaɗar sojan da aka kashe aka sabule su.

Za a ce larura tana halatta haram. Haka ne, amma malaman fiƙihu sun ɗaure ta da sharaɗi: gwargwadonta ake ɗauka, kuma ba a kawar da cuta da cuta irinta. Mai safarar da ya sayar wa manomi guda ɗaya, shi ne zai kai goma daji gobe, da kuɗin manomin a cikin jarinsa. Mai saye ya tsare ƙofarsa, ya ƙara wa maƙwabcinsa na Sabuwa maharbi.

Na fi tausaya wa mai saye a kan mai sayarwa. Tsoro ne ya kai na farko. Na biyu, wanda ya miƙa tsohuwar bindigarsa ga baƙon fuska don farashi ya yi kyau, ba shi da wannan uzuri. Malikawa sun hana sayar da makami ga wanda ake zaton zai yi ɓarna da shi.

Dokar makamai ta 1959 ta wajabta lasisi har ga harba-ka-ruga, kuma samunsa wahala ne ga talakan ƙauye. Duk da haka akwai tambayoyin da ba su bukatar takarda: wa ya ƙera ta, wa ya riƙe ta, mai unguwa ya san shi?