Ganuwar Yaƙi da Abin da Take Shaidawa

  

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, shin ya halatta a kashe dukiyar jama'a wajen tsare ragowar ganuwar da aka gina domin yaƙi? Tambayar ta shafe mu, domin tun 2006 Nijar ta gabatar wa UNESCO tsohon Birnin Damagaram da fadar Sarki cikin wuraren da take neman a lissafa su a gadon duniya, Nijeriya kuma ta gabatar da ganuwar Kano a 2007.

Wasu malamai suna tsoron kada girmama kango ya zama ƙofar shirka. Tsoronsu yana da asali, amma a nan bai faɗa wurinsa ba: babu mai neman tabarraki da ganuwa. Gina kariya kuwa sunna ce, tunda Annabi (SAW) da kansa ya ɗauki ƙasa ranar Handaƙu, shekara ta 5 bayan Hijira, bisa shawarar Salmanul Farisi.

Abin da ya fi nauyi a wurina shi ne labarin da ake bayarwa a gindin ganuwar. Ana cewa Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya kewaye Damagaram da ganuwa, ya sa maƙera suka ƙera masa manyan bindigogi. Gaskiya ne. To, wa ya kwaɓa ƙasar, wa ya ɗauke ta a ka? Talakawa da bayi, waɗanda maroƙi bai taɓa kiran sunansu ba. Kuma wa ake tsoro? Sau da yawa maƙwabci ne mai kallon alƙibla ɗaya. A ƙarshen ƙarni na 19 Damagaram da Kano sun zubar da jinin juna, liman na jan salla a kowane sansani. Ba a jima ba Faransawa suka shiga Damagaram a 1899, Ingilishi suka shiga Kano a 1903, katangun ba su hana ba.

Saboda haka ina ganin tsare ganuwa halal ne, har abin so ne, da sharaɗin a faɗa wa yaran da ake kaiwa can wannan duka. Wanda ya ɓoye rabin labarin don alfaharin kakanni ya ɓoye shaida, ɓoye shaida kuwa mun san hukuncinsa.

Amma mai haƙar ƙasar ganuwa da dare ya buga tubali, ko mai yanka fili a kanta ya sayar, wannan ya ci dukiyar jama'a, kuma wajibi ne ya mayar.