Na'urar da ke jin magana: wa ke ɗauke da alhakin awo?

Daidaita ƙafafun mota, wanda makanikai ke kira alaimen, aiki ne na awo. Kowace taya tana da tsayuwar da kamfanin da ya ƙera motar ya ƙayyade mata, kuma kusurwa uku ake dubawa. Ta farko ita ce yadda gaban tayoyin biyu ke matsowa juna ko buɗewa waje. Ta biyu, yadda saman taya ke jirkicewa ciki ko waje idan an dube ta daga gaba. Ta uku, karkatar ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, wadda ke mayar da sitiyari tsakiya bayan an sha kwana. Kuskuren 'yan milimita kaɗan ya isa ya sa taya ta cinye ta gefe ɗaya, mota ta riƙa jan direba zuwa bakin hanya, mai kuma ya riƙa ƙarewa da wuri.

A ƙasar Jega da Aliero da Maiyama wannan aiki yana da nauyi na musamman. Jega mahaɗa ce, inda hanyar da ta taso daga Sakkwato ke haɗuwa da ta Birnin Kabi, sannan ta gangara kudu ta Maiyama da Koko zuwa Yawuri. Motocin albasar Aliero da na hatsi da na 'yan kasuwa suna bin ta dare da rana, galibi da lodin da ya fi ƙarfinsu, kuma rami ɗaya ya isa ya gurɓata awon ƙafa.

Tsohuwar hanyar gyara ta ido ce da zare. Maigidan gareji yakan fara shafa tayar gaba da tafin hannu. Idan ya ji zanenta ya yi kaifi ta gefe ɗaya kamar haƙoran zarto, ya gane inda ciwon yake. Sai a ja zare daga tayar baya zuwa ta gaba, ya tsuguna ya kanne ido ɗaya yana duban tazarar, yaronsa kuma yana kwance a ƙarƙashi da sifana yana murɗa tayirod. Maigida ya ce "ƙara kaɗan", ya ce "ya isa, ɗaure". Ashe tun can ma murya ce ke jagorancin aikin, sai dai mai sauraron mutum ne.

Na'urorin zamani, irin waɗanda kamfanonin Amurka kamar Hunter da John Bean ke ƙerawa, ana kuma samun irinsu a manyan birane kamar Kano da Abuja, sun maye gurbin zare da kyamara. Ana maƙala wa kowace taya faifai mai alamomi, kyamarori su karanta tsayuwarsa, kwamfuta ta kwatanta da awon kamfani, ta nuna ja inda aka kauce, kore inda aka dace. Wasu daga cikin irin waɗannan na'urori an ƙara musu jin magana. Dalilin a fili yake: bakanike yana ƙarƙashin mota, hannunsa duk baƙin mai, kwamfuta kuma tana nesa. Sai ya saƙala makirfo a kunne ya faɗi umarni, allon ya sauya zuwa kusurwar da yake so ya gani. Na'urar tana gane ƙididdigaggun kalmomin da aka koya mata ne kawai, kuma ɗaure noti yana nan a hannun mutum.

Daga nan tambaya ta taso. Idan mutum ya yi magana, ƙarfe ya amsa, aka sami kuskuren da ya jawo asarar dukiya ko ta rai, wa ke da alhaki? Mai maganar, ko na'urar, ko wanda ya ƙera ta a wata ƙasa mai nisa?

A fiƙihun Musulunci, ɗaukar furuci a matsayin aiki tsohon al'amari ne. Da baki ake ɗaura aure, da baki ake saki, da baki ake ƙulla ciniki da rantsuwa da shaida. Bahaushe ma ya san haka, shi ya sa ya ce magana zarar bunu ce. Saboda haka umarnin da aka furta wa na'ura aikin mai furta shi ne, daidai da danna maɓalli da yatsa. Ita na'urar ba ta cikin waɗanda shari'a ta ɗora wa nauyi, domin nauyi yana hawa kan mai hankali da zaɓi ne. Abin da take ji sauti ne. Niyya kuwa a zuciya take, kuma makirfo ba ya kaiwa can. Za ta bi umarnin mai gaskiya, ta bi na maha'inci, ba tare da ta bambance su ba.

Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a makarantun zaure na ƙasar Hausa tun ƙarnoni, ta kawo hukunci biyu da ke haska wannan batu. Na ɗaya, masu sana'a su ke da lamunin kayan da aka damƙa musu suka keɓanta da su, wato idan kayan sun lalace a hannunsu za su biya, domin kare dukiyar jama'a. Na biyu, wanda ke haye da dabba, da mai jan ta, da mai korar ta, su ke biyan abin da ta tattake. Jaki ma yana jin murya, ana ce masa tafi ya tafi, amma babu alƙalin da ke kiran jaki gaban shari'a. Idan dabba mai rai da son ranta ba ta ɗauke wa mai ita nauyi ba, ƙarfen da ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun ya fi nisa da ɗaukewa. Mai ƙera na'ura yana da nasa kason idan aibin daga ƙira ne, amma wanda ya karɓi makullin mota daga hannun mai ita shi ne ya karɓi amana.

Amanar kuwa ta awo ce, kuma Alƙur'ani ya tsananta a kanta: akwai sura guda, Suratul Muɗaffifina, da ta buɗe da gargaɗin masu tauye mudu, kuma tauye ma'auni yana cikin laifuffukan mutanen Annabi Shu'aibu. Allon kwamfuta ma mudu ne, ana kuma iya tauye shi. Na'urar da aka daɗe ba a daidaita ta ba, ko aka girke ta a daɓen da bai miƙe ba, za ta nuna kore a kan ƙarya. Haka nan idan aka zaɓi samfurin motar da ba shi ba ne, ko aka auna alhali iskar tayoyi ba daidai take ba, ko aka bar bolojoyin da ya mutu. Bakaniken da ya san haka, ya nuna wa mai mota koren allo ya karɓi kuɗi, ya yi algus, ko da bai taɓa komai da hannunsa ba. Mai mota ya fi yarda da allo a kan zare, kuma gwargwadon yardar da aka ba mutum, gwargwadon nauyin da ke kansa.

Akwai kuma batun ƙaddara. Idan taya ta fashe a hanyar Maiyama aka yi rashi, akan ce haka Allah ya ƙaddara, kuma gaskiya ne a wajen mumini. Sai dai malaman Sunna sun yi bayani cewa imani da ƙaddara magani ne ga zuciyar wanda masifa ta sama, ba ya zama hujja ga wanda ya yi sakaci. Hadisin mutumin da aka umarta ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah shi ne ma'auni a nan. Awon ƙafar mota yana cikin riƙo da sababi, na'ura mai kyau kuwa ni'ima ce da ke sauƙaƙa shi.

Abu na ƙarshe shi ne makomar ilimin hannu. Aliero ta yi suna da masu ɗori, waɗanda ke gane karaya da yatsunsu, kuma a garin ne aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar Kabi a 2006. Hoton ƙashi na asibiti yana nuna abin da yatsa ba ya gani, amma sai wanda ya san ƙashi ke amfana da hoton. Haka abin yake a gareji. Yaron da ya haddace kalmomin umarni kaɗai zai bi allo duk inda ya kai shi, wanda kuwa ya fara da zare da shafa taya zai gane ranar da allon ya kuskure. Don haka koya wa yaro dalilin kowane awo kafin a saƙala masa makirfo yana cikin haƙƙin da ke kan maigidansa, kamar yadda gwada motar a kan titi kafin a miƙa makulli yake cikin haƙƙin mai ita.