MUDU BIYU A GIDA ƊAYA

A wannan wata maganar shinkafa za mu yi. Watakila wani ya ce, me ya haɗa shinkafa da jaridar Ekklesiya? To, mu da mu ke roƙon Ubanmu na sama abincin yini kowace safiya, ya kamata mu san ta hannun wa ya ke ba mu shi, mu kuma duba yadda mu ke yi da mai hannun nan.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta lissafta, a shekara ta 2023 mutum wajen miliyan 733 su ka yi fama da yunwa. A Afirka kuwa mutum ɗaya ne cikin biyar. Kakanninmu sun san yunwar da fari ke kawowa, kamar Kakalaba ta 1914, iyayenmu kuma ba su manta da farin 1973 ba. Amma akwai wata yunwa wadda ta fi ban tausayi. A 2005 hatsi yana nan a kasuwar Maraɗi, ana ta awo, yara kuwa suna mutuwa a ƙauyukan da ke kewaye, domin kuɗinsa ya fi ƙarfin iyayensu. Ba sama ce kaɗai ta kawo wannan ba. Da hannun mutane a ciki.

Mu juya ga fadamar Rima. Tun kafin Turawa su zo, Kabawa suna noman shinkafa a bakin gulbi daga Argungu har Birnin Kebbi, suna kamun kifi. Allah ya yi wa ƙasan nan baiwa ƙwarai: ruwa yana kusa, manomi ya haƙa rijiya, ya sa inji, ya yi noman rani bayan na damina. Saboda haka a Birnin Kebbi ne Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe shirin ba manoma rance na Babban Bankin Nijeriya a watan Nuwamba 2015. A Disamba 2016 aka fara sayar da shinkafar Kebbi a Legas bisa yarjejeniyar jihohin biyu. A Agusta 2017 aka buɗe babban injin casar shinkafa na WACOT a Argungu. Daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 kuma aka rufe kan iyaka, domin a tare shinkafar Tailan da Indiya da ke shigowa ta Kwatano. A lokacin nan mutane da yawa su ka koma gona, har ma'aikatan ofis.

Amma ku dubi abin da ya biyo baya. A damina ta 2020 gulbi ya yi ambaliya, ya cinye gonakin shinkafa ana gab da yanka, ya bar manoma da bashi. A 2023 aka janye tallafin man fetur, kuɗin ban ruwa ya hau, taki ma ya hau, rancen nan kuwa ya tsaya. A 2024, da tsadar abinci ta yi wa mutanen birni yawa, gwamnati ta ɗage harajin shigo da waɗansu irin hatsi har kwana 150, da shinkafa a ciki. Mai saye ya ɗan sami sauƙi, amma kuɗin shanshera ya faɗi a hannun wanda ya noma ta da man tsada. Ba mu ce masu mulki ba su da nasu dalili ba. Abin da mu ka gani shi ne, ko farashi ya hau ko ya sauka, ƙaramin manomi ne ke kwana a ciki. Da kaka ya kan sayar da araha domin mai bashi yana bakin ƙofa. In ruwa ya sauka, rumbu ya ƙare, sai ya sayi shinkafar nan tasa da tsada. Wani ma tun tana gona ya riga ya ci kuɗinta falle.

Annabi Amos makiyayi ne daga Tekowa, ya san kasuwar ƙauye. Cikin sura 8 ta littafinsa ya tsawata wa masu sayar da hatsi na zamaninsa. Abin mamaki, mutanen nan masu kiyaye Asabar ne. Suna zaune wurin sujada, zuciyarsu tana wurin buhu, sun ƙosa rana ta faɗi su buɗe rumfa, su rage mudu, su ƙara kuɗi, su haɗa da shara su sayar wa matalauci. Allah bai karɓi sujadarsu ba. Cikin Kubawar Shari'a sura 25 kuma an hana mutumin Allah ya ajiye ma'auni iri biyu a gidansa, babba na saye, ƙarami na sayarwa.

Yanzu kada mu yi saurin nuna dillali da yatsa. Mudu biyu ba na ƙarfe kaɗai ba ne. Mu kan shiga kanti, a faɗa mana kuɗin 'yar waje, mu biya ba ko tayi. Sa'an nan mu iske tsohuwa a kasuwar Argungu da shinkafar da ta turara, ta shanya, ta kai inji da kanta, mu yi ta ja-in-ja da ita a kan abin da bai kai kuɗin katin waya ba, har ta sallama domin yamma ta yi. Mu koma gida muna murna mun yi ciniki. Ashe ba mudu biyu ke nan ba? Waɗansunmu masu albashi kuma su kan tara buhuna da kaka, ba domin iyali ba, su kulle sai watan bakwai. Misalai sura 11 ta yi magana a kan mai ɓoye hatsi, ku karanta da kanku.

Mafi yawan manoman fadaman nan Musulmi ne. Wannan bai rage kome ba daga abin da ke kanmu. Ubangiji bai ce mu tambayi addinin mutum kafin mu kira shi maƙwabci ba, gaskiyar awo kuwa wa'azi ce da kowa ke ji.

Mun san abin da matan gida za su ce: 'yar gida tana da tsakuwa. Dā gaskiya ne, amma tun da manyan injina su ka zo Birnin Kebbi da Argungu wannan ya ragu da yawa, kuma uwayenmu da tsinta su ka goye mu. Wanda aljihunsa bai kai ba, ya sayi abin da ya iya, ba shi da laifi, gama ba mu ɗora wa matalauci kaya. Da masu hali mu ke magana.

A ƙasar Holan a 1988 wani limamin Kirista, Frans van der Hoff, wanda ke zaune tare da manoman kofi a Meziko, ya haɗa kai da 'yan'uwansa su ka sa wa kofin nan alama, domin mai saye ya sani an biya manomi kuɗin da zai riƙe shi. Mu ba ma bukatar alama, gama manomin yana nan bakin gulbi, mun san fuskarsa. Zumuntar Mata ta iya haɗa kuɗi, ta aiki mutum biyu ƙauye da kaka, su saya kai tsaye a kan farashin da ba ƙwara. Abincin taro da na makarantar Littafi Mai-tsarki, dattawa su sa ya zama na gida. Hatsin da aka kawo ranar godiyar kaka kuwa, kada a yi gwanjonsa duka a ranar. A gina rumbu kusa da majami'a, a sa amintattu uku su riƙe shi, a buɗe shi cikin damina sa'ad da abinci ke wuya, a sayar a kan kuɗin da aka saya, gwauraye da marayu kuwa a auna musu kyauta, na cikinmu da na unguwa.