A Kan Mita Ɗaya: Mene Ne Asalin Jituwar 'Yan'uwa?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Masu jin Ingilishi, idan suka ga mutum biyu sun shaƙu har ɗaya yana gane nufin ɗaya tun bai buɗe baki ba, sukan ce suna kan mita ɗaya. Daga rediyo aka aro maganar. Bahaushe kuwa cewa yake yi sun zama jini da hanta. To, me ke haɗa zukata haka?

A ɗauki rediyo biyu a nan Yamai, ɗaya a Bukoki, ɗaya a Harobanda can ƙetaren kogi. In duka an kamo Muryar Sahel, magana ɗaya za su fitar, alhali ɗaya ba ya jin ɗaya. Tashar ce ta haɗa su.

Haka da'irar wazifa take. Bazabarme da Bahaushe da Bafillace da Buzu suna zama sahu ɗaya, su yi istigfari 30, Salatul Fatihi 50, hailala 100, Jauharatul Kamali 12, muryoyinsu su narke su zama guda. Kowa Allah ya nufa, sai suka tarar da juna a ƙofarSa. Abin da ke tara jama'a daga nesa a Maulidin Kiota ke nan, garin Shehu Abubakar Hashimu, almajirin Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha.

Sai dai 'yan gulma ma bakinsu ɗaya ne, haka abokan cin amana. Jituwa kaɗai ba ta zama shaidar alheri, sai an duba wace tasha aka kamo. Wadda aka gina kan abin duniya, ranar rabo take watsewa.

Saboda haka idan saɓani ya shiga tsakanin zawiya da zawiya, ko muridi ya ji ƙirjinsa ya yi ƙunci da ɗan'uwansa, kada ya fara da binciken laifin wani. Ya koma ga niyyarsa, ya duba ko son girma ko hassada sun karkatar da ita. In ya gyara fuskantarsa ga Allah, zai tarar da ɗan'uwansa a can.

Allah Ya haɗa zukatanmu a kan son Manzonsa (SAW). Amin.