Rigar da Kawu Ya Ƙi Sawa

A ƙarshen damina ɗan ƙanwata da ke karatu a Amurka ya turo mini bidiyo. Maƙwabcinsa ne yake nuna masa jirgin da yake fita su da shi ranar hutu, irin wanda suke kira kayak. Na roba ne, na mutum ɗaya, tsawonsa bai haura mita 4 ba. Asalinsa na mutanen Inuit ne na can ƙasar ƙanƙara, waɗanda suke ɗinka fatar dabbar ruwa a kan ƙirar itace ko ƙashi, amma wannan da na gani ya yi nisa da kakansa. Akwai kujera mai majingina. Akwai feda irin ta keke, wadda kamfanin Hobie ya fito da ita a 1997 don hannuwan masunci su huta da filafili. A baya an ɗaure akwatin roba mai bututu huɗu, kowane bututu da sandar fatsa a tsaye. A gaba ga wani allo kamar babbar waya, yana aika sauti ƙarƙashin ruwa, sautin ya dawo ya zana masa zurfi da inda kifi yake. Ga batir, ga anga, ga allon awon kifi, ga tuta a kan dogon ƙarfe don manyan jirage su hango shi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne igiyoyin. Filafili a ɗaure, sandunan fatsa a ɗaure, filaya a ɗaure, har wayarsa. Yaron ya tambaye shi dalili, mutumin ya ce duk wanda ya daɗe yana hawa kayak wata rana zai kife, saboda haka tun a gida ake shirya jirgi kamar yau ce ranar. Jikinsa kuma sanye da rigar ceto, da usur da ƙaramar wuƙa a aljihun gaba.

Na kai wa kawuna wayar a bakin ruwa a Yelwan Yauri. Na tarar yana cusa tsumma a tsagar katakon jirginsa yana bi da kwalta. Basarke ne gaba da baya, shekarunsa sun haura sittin, kuma ban san ranar da ya kwana bai taɓa ruwan Kwara ba sai lokacin da ya je aikin Hajji. Ya kalli bidiyon sau biyu, ya miƙo mini wayar.

“Wannan su za shi ko ƙaura?”

Muka yi dariya. Sai ya ƙara da cewa duk wannan lodi, kifin da ba a rubuta masa ba ba zai shiga hannunsa ba, rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Na ce gaskiya ne, Kawu. Na buɗe jakata na fito da rigar ceton da na sayo masa, wadda dama ita ce dalilin zuwana, bidiyon share fage ne kawai. Ya juya ta, ya latsa soson da ke ciki, ya ajiye a kan raga.

“Malam,” haka yake kirana in zai yi mini ba'a, “wanda kwanansa ya ƙare a ruwa, ko riga goma ya sa sai ya tafi.”

Ban ba shi amsa ba, don ba a yi wa kawu gardama a gaban yaransa. Amma ina tsaye ina kallon cikin jirginsa. Ga birgi da dalmarsa jere a baki. Ga kalli na zaren nailan mai santsi wanda kifi ba ya gani, an ɗaura masa guntayen silifas don ya tsaya a saman ruwa. Ga mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi, an nannaɗe shi da kula. Ga gura guda shida da zai dasa da dusa a ciki. Ga zago, ga gwangwala, ga filafili biyu, ga tocila, ga bokitin kwarfe ruwa. A gindin jirgi kuma injin Yamaha, wanda ya sayar da sa ya cika da bashi kafin ya mallake shi. Mahaifinsa bai taɓa riƙe zaren nailan ba sai da ya manyanta, kakansa kuwa da hannu yake murza zarensa. Kowanne daga cikin kayan nan baƙo ne a zamaninsa, kuma kowanne an karɓe shi hannu bibbiyu.

Tun ina yaro nake zama cikin masunta. Ban taɓa jin wanda aka kawo wa sabuwar raga ya ce a mayar, arziki na Allah ne ba. Ban taɓa ganin wanda ya ƙi inji don kifin da aka rubuta masa zai same shi ko da filafili ya je ba. In maganar kamu ce, kowa ya san zomo ba ya kamuwa daga zaune. Sai an zo kan abin da zai tsare rai ake tuna ƙaddara. Alhali wanda ya rubuta ajali shi ya rubuta arziki, a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, tun mutum yana cikin mahaifiyarsa, kamar yadda ya zo a hadisin Ibn Mas'ud da kowane ɗan Islamiyya ya haddace a Arba'una. Ta yaya rubutu ɗaya ya zama dalilin cin bashi a sayi inji, ya kuma zama dalilin ƙin sa rigar da aka ba ka kyauta?

Malamai sun daɗe da warware wannan, mu ne muke sake ƙulla shi. Imam Gazali, a babin tawakkali na Ihya, ya kasa sabubba gida uku. Akwai wanda amfaninsa tabbatacce ne, kamar ruwa ga mai ƙishi. Akwai wanda ake kyautata zaton zai yi amfani, kamar yawancin magunguna. Akwai kuma na tsammani kawai. Barin na farko, a wurinsa, ba tawakkali ba ne, in ma ana tsoron halaka haramun ne. Na ƙarshen shi ne wanda ya kamata mai tawakkali ya saki. To, a hancin jirgin Kawu akwai wata laya da aka ɗinke cikin jar fata, ta girme ni. Ba zan yi masa fatawa a kanta ba, ba aikina ba ne, malamai ma sun yi saɓani a kan wadda ke ɗauke da ayoyi. Abin da na sani, soso yana tasowa a ruwa kowace rana, a hannun musulmi da wanda ba musulmi ba, ko yaro zai iya gwadawa a baho. Mun riƙe sababin da ke gida na uku da haƙori, mun yar da wanda ya fi kusa da gida na farko, sannan muka kira hakan dogaro ga Allah.

Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sulke biyu ya haɗa ranar Uhudu. Babu wanda ya fi shi sanin ajali ba ya gaba ba ya baya. Annabi Nuhu, da Allah ya so, sai ya tserar da shi ba tare da ko ƙusa ɗaya ba, amma aka umarce shi ya sassaƙa jirgi, mutanensa suna wucewa suna yi masa izgili. Sayyidina Umar da ya ji labarin annoba a Sham ya juya da tawagarsa, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake, ya nuna masa cewa juyawar ma ƙaddara ce. Rigar da ke kan ragar Kawu ita ma ba daga wajen ƙaddara ta faɗo ba. An rubuta zan je kasuwa, an rubuta zan same ta, an rubuta zan kawo masa.

Sai dai in na tsaya nan na zalunci tsohon. Da daddare, bayan yara sun watse, ya faɗa mini abin da bai faɗa da rana ba. Rigar tana da zafi, wanda bai yi wuni a kan ruwa a watan bazara ba ba zai gane ba. Tana hana kafaɗa sakewa wajen jefa birgi. Maɗauranta suna iya kama ƙugiyar mamari, kuma mutumin da mamari ya riƙe a ruwa ya fi wanda ba shi da riga shiga uku. Waɗannan hujjoji ne na mai sana'a, kuma na gane daga nan ne wuƙar da ke aljihun Ba'amurken ta samo asali: shi ma yana tsoron igiyoyinsa su sarƙe shi. Akwai kuma abin da bai furta ba amma na ji shi. Basarke ya sa rigar ceto a gaban Gungawa da baƙi, ai ya zubar da girman gidansu. Da ya ce mini zafi, ko ƙugiya, ko kunya, da mun zauna mun nemi dabara, don akwai rigar da aka yanke wa kafaɗa musamman saboda masu tuƙi. Amma da ya ce ƙaddara, ya rufe ƙofar, domin babu mai jayayya da ita. Wannan ne abin da ke damuna: sunan Allah ya zama murfin da muke rufe ƙiwa da kunya da shi.

Kuma kakanninmu ba haka suke ba. Duk wanda ya taɓa zuwa bikin kamun kifi na Argungu ya ga dubban masunta sun ruga cikin Matan Fada, kowa da homa a hannu da ƙaton gora. Tun 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, ake wannan biki a tsarin da aka san shi, goran kuwa ya riga bikin da nisa. Mene ne aikinsa? Ana zuba kifi a ciki, haka ne. Amma masunci a kansa yake kifa ƙirji ya yi iyo a wuri mai zurfi. Rigar ceto ce da ta fito daga gona. Ba mu ji wani malami a Kabi ya ce mai gora ya raunana imaninsa ba. Da na faɗa wa Kawu haka, shiru ya yi, can ya ce gora daban. Na ce da me? Ya ce in sha shayina.

Akwai wata magana tasa da ni ma ban iya amsawa ba. Ya ce mutumin da yake ganin kifi a allo kafin ya jefa ƙugiya, da wace zuciya zai ce bismillah? Shi yana jefa birgi ne cikin duhu, abin da ya fito ya san ba shi ya yi ba. Na yarda akwai haɗari a nan. Kaya in sun yi yawa sukan sa mutum ya ɗauka shi ne mai yi. Amma na tambayi yaron, ya ce maƙwabcin nasa sau da yawa yakan wuni yana kallon kifi a allo, ya sauya ƙoto iri-iri, ya dawo hannu rabbana. Ganin kifi daban, buɗe bakinsa daban. Ni ma ina da abin da na ƙi a wurinsa: yawancin abin da ya kama aunawa yake, ya ɗauki hoto, ya mayar ruwa. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda muka karanta a zaure, ta karhanta farauta don wasa, kuma har yanzu raina bai kwanta da huda bakin halitta don nishaɗi ba.

Allon awon nan dai ya tuna mini wani abu da ya fi zafi. A can doka ta ƙayyade girman kifin da za a tafi da shi gida. A nan, bayan an gama madatsar Kainji a 1968, tafkin ya cika da faliya, kamu ya haura tan 28,000 a 1971, kafin ƙarshen shekarun 1970 ya koma ƙasa da rubu'in haka. Wani ɓangare na faɗuwar ɗabi'ar sabon tafki ce, amma mu ma mun taimaka. Aka shigo da ragar dala mai ido kamar gidan sauro, wai don warangi, tana kwashe 'ya'yan giwan ruwa da na ƙarfasa tun ba su kai yatsa ba, har hukuma ta hana ta a ƙarshen shekarun 1990. Wasu ma gamalin suke zubawa. In ka yi magana a ce maka kifin Allah ba ya ƙarewa. Ka ga ƙaddarar ta sake fitowa, kuma a gefen da ya dace da son ranmu. A Suratul A'araf, jarrabawar mutanen garin da ke bakin teku ita ce su ga kifi bulla-bulla a ranar da aka hana su, su kame hannu. Mutanen Argungu sun fahimci haka da suke tsare Matan Fada har kifi ya girma. Mai tawakkali na gaskiya shi ne zai iya faɗaɗa idon ragarsa, ya bar ƙanana su wuce, don ya yarda wanda ya ciyar da shi yau zai ciyar da shi baɗi.

A watan Mayu na 2021 jirgi ya tashi daga ɓangaren jihar Neja zuwa Warra a ƙaramar hukumar Ngaski, ɗauke da mutum fiye da 150, ya tarwatse a tsakiyar ruwa. Waɗanda aka ceto da rai kaɗan ne. Masunta ne suka yi kwanaki suna tsamo gawawwaki, mata da yara da yawa a ciki. A wurin ta'aziyya kowa ya ce kwana ne ya ƙare, ni ma haka na ce, kuma gaskiya ce, babu abin da ke sanyaya zuciyar uwa kamar wannan kalma. Wurinta ke nan, bayan abu ya auku. Wanda ya faɗe ta a bakin ruwa da safe, yana ƙara lodi a jirgin da ke yoyo, ya ɗauko maganar zaman makoki ya mai da ita lasisi.

Na bar rigar a can ban ƙara cewa komai ba. Bayan sati uku na koma Yelwa da asuba, na tarar jirgin Kawu yana shirin tashi. Shi yana gindin inji da tsohuwar rigarsa ta yadi, kamar kullum. A gaba jikansa ne, ɗan shekara 11, mai kwarfe masa ruwa, rigar ceton ta sauko masa har gwiwa, an zagaye ta da igiyar raga an ƙulle don kada ta zame. Na gaishe shi, ya amsa bai dube ni ba.

“Malam, in ka koma kasuwa ka dubo ƙarama. Wannan ta yi masa yawa.”